Igiyoyin Da Ke Ba Filafili Siffarsa

Sana'ata ɗinkin filafili ce, wato ƙyallen da iska ke bugawa ta tafi da jirgin ruwa, da ɗaura wa irin waɗannan jiragen igiyoyinsu, kuma ba na sallamar sabon shiga sai mun hau ruwa tare. Kusan kowa da ke zuwa wurina ɗauka yake filafili buhu ne da iska ke cikawa ta tura jirgi. Haka ne idan iskar tana bayanka. Amma idan ka doshi inda take fitowa, aikin fiffiken tsuntsu yake yi: iska ta bi kumburinsa, ta ja jirgi gaba. Shi ya sa jirgi ke iya tafiya da karkatar kusan digiri 45 daga iska. Wannan kumburi ni nake yanka shi in ɗinka, amma mai jirgi ne ke gyara shi a kan ruwa, da igiya.

Wadda hannunka ba ya rabuwa da ita ita ce babbar igiya, mai jawo sandar gindin filafili ciki ko ta sake ta. Maigidana da ya koya mini aikin nan, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barina na ɗaure ta ba a farkon koyona, sai dai in riƙe har tafin hannuna ya yi kanta. Yakan ce, "Yaro, saki har bakin filafilin ya fara rawa, sannan ka jawo kaɗan har ya yi shiru. Nan ne wurinsa." Sabon shiga kuwa ja kawai ya sani, sai jirgi ya kwanta gefe, gudu ya ragu, sandar tuƙi ta yi nauyi. Don haka nake liƙa 'yan zarurrukan ulu a fuskoki biyu na filafilin gaba, wato wanda ke goshin jirgi. Idan duka sun miƙe baya, lafiya lau. Idan na ɓangaren iska yana wutsil-wutsil, jawo igiyar wannan filafilin. Idan na ɗaya ɓangaren ne, saki.

Sauran igiyoyin siffa suke gyarawa. Akwai mai miƙe gindin filafili zuwa ƙarshen sanda: iska ta yi ƙarfi ka tamke ta filafili ya shafe, ta lafa ka sassauta ya yi ciki. Akwai kaningham, wadda ta ci sunan Briggs Cunningham, matuƙin da ya lashe Kofin Amurka, gasar tseren jiragen ruwa masu filafili, a 1958. Ita bakin filafili take ja ƙasa, ta dawo da kumburin gaba idan iska ta kora shi baya. Sai mai danne sanda, wadda ke hana sandar ɗagawa sama idan ka saki babbar igiya, don kada saman filafili ya murɗe ya zubar da iska.

To, duk wannan ilimi banza ne idan igiyar tana miƙewa, kuma nan ne takaicina yake. Nailan yana miƙewa, shi ya sa ya dace da anga. Igiyar ɗaga filafili kuwa sai foliyesta ko Dyneema, wani zare mai ƙarfi da ba ya miƙewa sosai. Wani dillali ya taɓa aiko mini da nailan da sunan foliyesta, da hannuna na gane tun kafin in warware naɗin, na mayar masa da kayansa. Masu araha su ba ruwansu, ɗaurawa suke yi.

Kwanan baya wani da ya yi ta ciniki da ni har ya tafi wurin masu araha ya dawo yana cewa filafilin da na ɗinka masa ya lalace. Muka hau ruwa. Iska na bugawa sai na ga saman filafilin ya zame ƙasa, bakinsa ya yi tamoji. Na ce, "Malam, sa hannu ka ja wannan igiyar." Ya ja igiyar ɗaga filafilin, ta biyo shi kamar roba. Na sauya masa ita nan take, muka sake ɗagawa, tamojin ya ɓace, jirgin ya miƙe ya kama gudu. Shi ya tuƙo mu har gaɓa, idonsa na kan zarurrukan ulun.