Gyambon da ba ya zafi

A aikin jinya mun saba tambayar majiyyaci inda ke masa ciwo, amma ga wanda ya daɗe da ciwon suga wannan tambayar ba ta wadatarwa. Dattijon da aka kwantar a ɗakinmu ya haura saba'in. Ƙusa ce ta huda takalminsa ta shige shi a ƙarƙashin babban yatsa, bai sani ba sai da aka ga jini a safarsa. Kafin a kawo shi wurin ya kumbura, yana zubar da mugunya, ga wari. Da na tambaye shi ko yana jin zafi sai ya ce, "'Yata, ni fa ban ji komai ba, ku ne kuke ta tada hankalinku."

Gaskiya ya faɗa. Suga idan ya daɗe yana hawa yakan kashe jijiyoyin da ke ɗauko ji daga ƙafa. Mun taɓa tafin ƙafarsa da siririn zaren gwaji na gram 10, a wurare da dama bai ji ba. Ciwon suga kuma yakan ƙuntata hanyoyin jini, ga shi rauni ba ya warkewa sai da jini, magani ma jini ke kai shi wurin. Shi ya sa na lalubi bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu. Yana nan, ko da yake da rauni, na yi hamdala.

Likita ya zura ƙarfen gwaji cikin ramin don ya ji ko zai taɓa ƙashi, aka ɗauki hoto, sannan ya yanke mataccen nama da kantar da ta kewaye bakin gyambon. Daga can ciki aka ɗebi abin da aka kai ɗakin gwaji, domin abin da ke saman rauni ba lalle ne shi ke haddasa ruɓar ba.

Tunda zafi ba zai yi mana gargaɗi ba, dole idona ya tsaya a madadinsa. Na zagaye iyakar jan da ya kewaye gyambon da biro a kan fata, duk wanda ya karɓi aiki bayana yana buɗe bandeji zai gane ko ya tsallake layin. Ina auna tsawo da faɗi da zurfi in rubuta, in wanke da ruwan gishirin asibiti, in busar da tsakanin yatsu. Iyalinsa sun so a riƙa tsoma ƙafar a ruwan zafi, na hana. Ƙafar da ba ta ji za ta ƙone mai ita yana hira, jiƙon kuma yana laushe fata ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne hana shi taka ƙafar. Mutum ne mai jin kansa, yana jin nauyin a tura shi banɗaki a keke. Na zauna kusa da shi na ce, "Baba, kowane taku ɗaya yana murƙushe sabon naman da muka kwana muna raino." Na ɗauki hoton gyambon a waya na nuna masa, don bai taɓa ganinsa ba. Ya daɗe yana kallo. Daga ranar ya daina gardama. A ganina ɗauke nauyi daga kan rauni ya fi kowane bandeji mai tsada aiki.

Sugansa kuwa ruɓar ta sa ya yi ta hawa, aka mayar da shi kan allurar insulin. Da magani ya fara cin ƙarfin cutar sai buƙatarsa ta insulin ta ragu. Wani dare na same shi yana gumi, yana magana ba kan gado. Awon suga ya nuna ƙasa da 70, wato ya faɗi, muka ba shi gulukos nan take, likita ya rage allurar. Ruɗewa a wurin tsoho abin a tashi tsaye ne: ko suga ya faɗi, ko cuta ta shiga jini, kuma sau da yawa ba ka ganin zazzaɓi. An riƙa duba ƙodarsa ma saboda magungunan.

Kafin sallama na kira ɗansa na koya masa duba ƙafafun kullum, har tsakanin yatsu, da zura hannu cikin takalmi kafin Baba ya sa, da hana shi yawo ba takalmi ko a cikin ɗaki. Muna cikin haka muka ga kanta mai kauri a ɗaya ƙafar, irin wadda gyambo ke ɓuya a ƙarƙashinta. Kusan mutum 4 cikin 10 gyambon na dawo musu cikin shekara guda da warkewa, don haka ban bar su sun tafi ba sai da aka rubuta masa ranar dawowa, aka kuma auna shi don takalmin da ya dace da ƙafarsa.