Zafin injin V8 a garejina: wace lamba ce daidai, wace ce ta tashin hankali

Wata ranar Talata cikin watan Afrilu, lokacin da Kano take ci da wuta, wani matashi ya shigo min gareji da Dodge Challenger baƙa samfurin 2015, tun kafin ya gama shigowa ƙofa ya kashe ta ya diro hankalinsa a tashe, yace Oga injina ya kai 215 a gosulon Kurna, wallahi na ɗauka wuta zai kama. Nace masa ranka ya daɗe kwantar da hankalinka, muje mu duba allon tare. Da muka kunna sai naga abinda nake zato, motar daga Amurka aka shigo da ita kuma har lokacin allonta da ma'aunin Farenhait yake lissafi, 215 ɗin da ya firgita shi digiri 102 ne kacal a Salshiyos ɗin da muka saba da shi. Injin Hemi 5.7 ne a cikinta, tamostat ɗin da kamfani ya saka masa baya fara buɗewa sai zafi ya kai 203 na Farenhait, wato 95 namu. To injin da sai ya kai 95 ma ake sakar masa ruwa ya tafi lagireto, don ya taɓa 102 cikin gosulo da AC a kunne ana rana irin ta Afrilu ai aikinsa yake yi.

Ni dai a kan Fijo na koyi aiki, 504 da 505 na Kaduna, daga baya Honda da Toyota suka cika gari muka koma kansu. Waɗannan manyan injinan Amurka masu silinda takwas, wato V8, sai wajen shekara goma da suka wuce na fara taɓa su, wani alhaji ne ya kawo min Mustang ɗinsa da kowa ya ƙi karɓa, daga nan abokansa suka fara turo min nasu. Yanzu muna da yara biyar a garejin da rewaya ɗaya, kuma kusan duk sati sai an kawo Charger ko Challenger ko Camaro, mafi yawansu an riga an yi musu ƙari, an canza kam, wato sandar da ke buɗe bawul, an sa babban salansa, an taɓa burenbos, wato kwamfutar injin, wasu ma har da sufacaja mai tura wa injin ƙarin iska. Kuma cikin goma, bakwai ko takwas maganar zafi ce take kawo su.

Abinda nake fara gaya wa kowane mai mota shine injin ba a yi shi don ya zauna da sanyi ba. Man da yake ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zama ƙarfin da ke juya taya, kashi ɗaya ya fita ta salansa, ragowar ɗayan ruwa ne zai kwashe shi ya kai lagireto iska ta ɗauke. Idan ka ƙara wa injin ƙarfi to ka ƙara masa zafin da za a kwashe, lagireton kuma yana nan yadda yake, shi yasa motar da aka yi wa ƙari take buƙatar a sa mata ido. Amma lambar da nake so in gani bata canza ba. Tsofaffin masu kafireto ina son su tsakanin 82 da 95, in sun ɗan hau 99 a gosulo bana damuwa muddin suna saukowa da zarar hanya ta buɗe. Sabbin masu burenbos kuwa 90 zuwa 105 gidansu ne, akwai injinan LS na Chevrolet da fankarsu bata ma tashi sai zafi ya kusa 108, haka kamfani ya tsara. Daga 110 na fara bincike, in ta wuce 115 tana ci gaba da hawa to a faka a kashe, musamman mai top silinda na alminiyom domin shi baya jure wa, lanƙwashewa yake yi ya ƙona gasket.

Mutane suna cewa to ai ruwa a 100 yake tafasa, ya za'ai kace 105 lafiya ne. Wannan a tukunya ne a buɗe. Cikin injin ruwan a matse yake, murfin lagireto shi yake riƙe matsin, kuma kulant, wato ruwan maganin lagireto, da aka haɗa rabi da rabi da ruwa ƙarƙashin murfi mai matsin fam 15 sai ya kai wajen 129 kafin ya tafasa. Shi yasa nake ɗaukar murfin nan da muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato, ƙaramin abu ne mai arha amma in robarsa ta mutu ko sifirin ya saki, mota zata dinga amai da ruwa a 105 alhali injin lafiyarsa ƙalau, mai ita kuma ya tafi ya sayi sabon lagireto a banza.

Shi matashin nan na yi masa duk wannan bayanin, na juya masa allon zuwa Salshiyos, na jona sikana, na'urar da ke karanta burenbos, na nuna masa fanka tana tashi a kan lokaci zafin yana sauka, ban karɓi ko sisi ba. Amma zuciyarsa bata kwanta ba. Ashe daga wajena wani garejin ya wuce, can aka ce masa motocin Turawa don ƙasar sanyi aka yi su, aka cire tamostat aka jefar, aka haɗa fanka dairek tana juyawa tun daga tada mota har kashewa. Wannan al'adar na santa sarai, tun zamanin Fijo ake yinta kuma har yau ita ce maganin farko a garejoji da yawa, kuma abin yana min ciwo domin maganar ƙasar sanyin ma ba gaskiya bace, waɗannan motocin suna yawo a Arizona da Texas da Dubai inda rana take kai tamu ko ta fi, da tamostat ɗinsu a ciki.

Sai cikin Disamba da hunturu ya shigo ya dawo min. Yace Oga mota tana shan mai kamar an huda tanki, fitilar injin ta kama, da safe tana rawa. Sikana ta nuna P0128, wato ruwa baya kaiwa zafin da ya kamata. Mun fita da ita titin Zariya da sassafe allon ya tsaya a sittin da 'yan kai ya ƙi motsi. Burenbos yana ganin injin bai ɗumama ba sai ya dinga ƙara masa mai, fulogi duk sun yi baƙi, kuma Hemi fulogi 16 gare shi biyu a kowace silinda, baƙin man da muka juye yana warin fetur. Injin da ke aiki da sanyi haka raɓar da ke taruwa cikin baƙin mai bata samun zafin da zai ƙone ta, sai ta zama dagwalo, fetur ɗin da ya yi yawa kuma yana wanke man da ke jikin silinda ringi su dinga ci. Ga ita kanta fankar da aka bari tana gudu wata takwas ba hutu ta fara ƙara. Muka mayar da tamostat na asali, rewaya ya warware dairek ɗin ya maida fanka hannun burenbos, sabbin fulogi, sabon baƙin mai, kuɗin da ya kashe ya ninka abinda zai kashe da ya bar motar yadda take sau nawa.

Wasu kuma basa cirewa, sai su ce a sa musu mai 160 na Farenhait wato 71 namu, suna ganin zai hana obahitin. Tamostat iyakar ƙasa kawai yake tsayarwa, da zarar ya buɗe gaba ɗaya aikinsa ya ƙare, in lagireto da iska basu isa ba zafi zai hau ko da wane iri ka saka, sai dai ya ɗan jinkirta. Wanda ya ƙara matsin injinsa ko ya sa sufacaja nakan yarda in sa masa mai 180, wato 82, amma da sharaɗin a gyara lokacin tashin fanka a burenbos, in ba haka ba a gosulo zafin zai koma inda yake da.

Aikin da na fi jin daɗinsa a bara tsohuwar Camaro ce ta farkon shekarun 1970 ta wani dattijo, ya daɗe yana tattalinta. Injin 350 ne aka faɗaɗa shi aka sa masa doguwar karanshaf ya koma 383, da kam mai zafi, in tana tsaye har ƙasa take girgizawa. Kukansa shine a kan hanya tana zama 88 lafiya lau, amma in ta tsaya minti goma sai ta kai 112. Wannan bayanin kaɗai ya gaya min rabin matsalar. Motar da take zafi a tsaye ta huce a guje iska ce bata isheta ba, wadda kuma take lafiya a gari amma ta hau in an taka a babban titi to sai a duba lagireto ko ya toshe ko ya yi ƙanƙanta, ko tiyon ƙasa yana tsukewa in famfon ruwa ya ja da ƙarfi, ko fetur ya yi wa injin kaɗan. Da na buɗe bonet sai naga an sa mata ƙaton lagireton alminiyom mai tsada amma babu rumfar fanka sam, fankar tana can nesa tana kaɗa iskar cikin bonet a banza maimakon ta zuƙo ta cikin lagireto. Muka kai wa mai walda ya buga mana rumfa daidai girman lagireton, muka zaunar da fankar rabin fiffikenta a ciki rabi a waje, muka toshe gefe da gefe da soso don kada iska ta zagaye.

Ta sauko zuwa 101 amma ban gamsu ba. Nace Baba a bar min ita kwana biyu, yace to ɗana yi abinda ka ga ya dace. Da na ɗora fitilar tayimin, mai nuna lokacin da fulogi ke ba da wuta, sai naga wuta tana zuwa a makare, kuma an cire tiyon bakiyum na distiributa, wanda ke matso da wutar gaba, an toshe shi da kusa, wai motar tsere bata buƙata. Motar tsere da kullum totur a ƙasa yake ita ce bata buƙata, wadda take tsayawa a danja tana buƙata ƙwarai. In wuta ta makara man yana ci gaba da ci har lokacin da bawul ɗin salansa ya buɗe, zafin da ya kamata ya tura fistin sai ya tafi jikin top silinda da bututun hayaƙi, da daddare ma zakaga bututun ya yi ja. Injin mai babban kam kuwa ya fi son wuta da wuri in yana tsaye. Muka mayar da bakiyum ɗin muka ɗan matso da tayimin gaba muna saurare kada ya fara ƙwanƙwasa da fetur ɗinmu, muka ɗan buɗe masa mai a sulo. Bamu sayi komai ba a wannan matakin, amma na barta a kunne minti arba'in ƙarƙashin ranar azahar ina auna ta da bindigar auna zafi a bakin tamostat, ta tsaya a 93.

Bindigar nan ina ba kowane bakanike shawara ya mallaka, domin geji na tsofaffin motoci yana ƙarya sosai, musamman in an haɗa sensa na wani kamfani da geji na wani. Na taɓa ganin wadda allurarta take kan ja alhali ruwan 90 ne.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce nake faɗa da yarana a kanta kullum. Ruwan rijiya da na bohol ba ya shiga injin kowa a garejina. Gishirin da ke cikinsa yana daskarewa a siraran bututun lagireto kamar yadda yake yi a gindin butar shayi, ga tsatsa tana cin fiffiken famfo. Gaskiya ne zallan ruwa ya fi kulant kwashe zafi, kuma mu nan ƙanƙara bata damunmu, shi yasa a tsofaffin motoci nakan rage kulant ɗin zuwa kashi ɗaya cikin uku in cika da tataccen ruwa irin na batir, amma bana barinsa babu sam saboda maganin tsatsar yana cikinsa. Kuma ba a gauraya kala biyu, na GM masu ƙera Chevrolet mai ruwan lemo daban, na sabbin Dodge mai ruwan shunayya daban, koren da ake sayarwa a bakin titi daban, in aka haɗa wasunsu sai su kama kamar kamu su toshe komai. Bayan an zuba dole a fitar da iskar da ta maƙale, gaban mota a ɗage, hita a kunne, a jira tamostat ya buɗe, injinan LS ma suna da 'yan siraran bututun tururi a saman top silinda waɗanda masu dasa injin a wata mota suke yawan toshewa, daga baya geji ya dinga hawa da sauka ba dalili.

Ƙurar hunturu ma tana da nata, tana cushewa tsakanin kondensa na AC da lagireto inda ido baya gani, duk ƙarshen Fabrairu nake kiran kwastomomina su kawo a raba su a wanke daga baya zuwa gaba da ruwa mara ƙarfi kafin zafin Maris ya shigo. Kayan aiki kuwa tiyo da kilif da murfi ina samu a Kofar Ruwa, amma tamostat da famfon ruwa na Hemi ko Coyote, injin Mustang 5.0, oda nake yi daga Dubai ko Amurka, sati biyu zuwa uku, kuma ina gaya wa mai mota tun farko ya ajiye ta ya jira. Yanzu haka akwai Mustang 5.0 mai sufacaja a rumfar baya kwana tara kenan, famfon intakula mai sanyaya iskar sufacaja muke jira, mai ita ya kira ni jiya sau biyu yana so ya fita da ita ɗaurin aure ranar Asabar, nace masa Alhaji kayi haƙuri ka ɗauki wata motar, kayan sai Litinin zasu sauka.