Malam Gani Odutokun, kamar yadda na san shi

Ina cikin 'yan garin Garwa na Kamaru ƙalilan da suka tsallaka Najeriya karatun zane, kuma a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na san Malam Gani Odutokun. A Nsawam ta ƙasar Gana aka haife shi a 1946, amma Zariya ce ta zama gidansa. Can ya yi karatu, can ya koyar, har Allah ya karɓi abinsa a 1995, a haɗarin mota kan hanyar dawowa daga baje kolin zane a Legas. Allah ya jiƙansa.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda yake sarrafa fenti. Sai ya tsinka fentin mai har ya yi ruwa-ruwa, ya kwarara a kan ƙyalle, ya karkata shi, launi ya bi inda ya ga dama. Daga baya ne yake zaƙulo siffa daga abin da ya malale. Kuma a lokacin da sojoji ke mulki, bai ji tsoron zana sarki da janar-janar ɗinsa ba.

Ni dai allunan shaguna nake rubutawa yanzu, da bayan manyan motocin da ke zuwa Marwa da Ngaundere. Yarana na shago sun sani, in fenti ya ɗiga ba a rugawa a ɗauko tsumma. Nakan ce, "Dakata, ɗana, mu ga inda zai tsaya tukuna."