Ga masu koyon piyano: ku ji tausayin hannuwanku

Ƙannena na Garwa da Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, na san yawancinku da kibod mai maɓalli 61 kuka fara. Ni ma da shi na fara, abin da Allah ya hore ke nan. Amma kibod ba shi da nauyi, ko shafa shi ka yi sai ya amsa. Piyano na gaske maɓallansa 88 ne, farare 52, baƙaƙe 36, kuma bayan kowanne akwai 'yar guduma mai bugun tsirkiyar ƙarfe. Sautinsa daga nauyin dantse yake fitowa, a sake shi ya sauka ta wuyan hannu zuwa kan yatsa.

Wannan ne ban sani ba lokacin da na samu piyano na gaske a Yawunde. Burina in hau dandali in yi kiɗa ni kaɗai, kuma sauri nake yi. Sai na riƙa danna maɓalli da ƙarfin yatsu, kafaɗa a ɗage, wuyan hannu a sandare, tun bayan asuba har dare. Da ciwo ya fara, na shafa man zafi, na ɗaure da ƙyalle, na koma na zauna, ina ɗauka alamar ci gaba ce. Ban tsaya ba sai da kofin shayi ya gagare ni riƙewa da hannun dama. Har yau idan hunturu ya kama, wurin yana tuna mini.

Abin ba ya barin manya ma. Leon Fleisher, shahararren makaɗin piyano na Amurka, yana da shekara 36, a 1964, yatsunsa biyu na dama suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Ya yi wajen shekara 30 yana kaɗa waƙoƙin hannun hagu kaɗai, yana koyarwa a makarantar Peabody ta Baltimo.

Don Allah, da ka ji zafi, ka tashi. Ka koyi kowane hannu daban, ka sa metronom, wato na'urar da ke ƙirga maka bugun kiɗa, a hankali, hankalin da har zai gundure ka. Chopin, mashahurin makaɗin piyano ɗan Poland, ba da gam ɗin do (jerin sautuka na fararen maɓallai zalla) yake fara wa ɗalibansa ba, da na si majo yake farawa, domin a nan dogayen yatsu suna hawa baƙaƙen maɓallai, babban yatsa yana kan fari, hannu ya zauna yadda aka halicce shi. Gwada yau ka gani.

Kuskurena na biyu girman kai ne. Da na dawo gida, iyaye suka riƙa kawo mini yara, ina korar su da uzuri, wai koyarwa aikin wanda dandali ya ƙi ne. Alhali Chopin ɗin nan, duk rayuwarsa wasan da ya yi a bainar jama'a bai wuce wajen 30 ba. Da darasi ya ci abinci a Faris. A nan kuwa zaure nawa ne mai piyano? Koyarwa ce ta riƙe ni, ita ce kuma ta gyara mini hannu, don ba za ka ce wa yarinya "saki kafaɗarki" taka tana ɗage ba. Kawuna da ya daɗe yana cewa kiɗa sana'ar maroƙa ce, sai da ya ji yara suna ce mini Malam ya sauko.

Idan za ka tara kuɗin kayan aiki, kada ka yi ɗokin tsohon piyano na katako. Bushewar hunturu da zafin watan Maris da Afrilu, mai haura digiri 40, suna tsotse katako, sauti ya karkace, mai gyara kuma wuyar samu gare shi a arewa. Nemi na lantarki mai maɓalli 88 masu nauyi, da feda. Kafin ka biya, danna maɓalli ɗaya a hankali, ka sake danna shi da ƙarfi. In sautin bai bambanta ba, bar musu kayansu.