Daƙiƙa huɗu da suka cinye mana dare uku

Har yau in aka sa waƙar "Brianstorm" ta ƙungiyar mawaƙan Arctic Monkeys a mota sai in ji cikina ya ɗuri ruwa. Wata biyar muka kwashe muna gwaji a wani ɗakin ƙasa a Sheffield, garin su Arctic Monkeys ɗin kansu, mu huɗu, ni ne kan ganguna. Burinmu mu dawo da wasan da suka yi a bikin waƙoƙi na Glastonbury na 2013 yadda yake, har jerin waƙoƙin.

Mawaƙinmu ya haɗiye bidiyon wasan nan: gyaran gashin mawaƙinsu Alex Turner, tafiyarsa, yadda yake jan magana. Ni kuwa na raina bidiyo. Faifansu na 2007 mai ɗauke da waƙar na liƙa a kunne, na haddace bugun mai gangarsu Matt Helders ɗaya bayan ɗaya, ina ganin ai na gama.

Akwai wurin da kowa ke tsayawa cak a waƙar kafin a sake rugawa. A faifai shirun nan ƙirgagge ne. A gaban jama'a kuwa mawaƙi ke riƙe da shi, sai ihu ya ishe shi ya saki. Wa zai yi mana ihu a ɗakin gwaji? Shi ya sa ba mu taɓa lura cewa ni da shi ba abu ɗaya muke ƙirgawa ba.

Daren wasanmu, mashayar da muka yi wasan a ciki ta cika maƙil, kuma mutanen Sheffield sun san waƙoƙin nan kamar yunwar cikinsu. Muka zo wurin tsayawar, mawaƙinmu ya ɗaga hannu yana jiran ihu, ni ko kaina a sunkuye, na ƙirga na afka. Ni kaɗai! Mai jita ya biyo ni a guje, ɗayan ya tsaya yana zare ido, mawaƙi hannu a sama kamar mai tsayar da tasi. Daƙiƙa huɗu ne duka-duka. Wani dattijo a gaba ya dafe kai, har yau ina ganin sanƙonsa.

Mai wurin da ya yi mana alkawarin ƙarin dare uku ya miƙo fam 200, ya ce zai kira. Shiru kake ji.

Abin da ke ƙona min rai, sau nawa aka turo min bidiyon nan ina cewa gobe? Yanzu a gwaji waya muke kunnawa da ihun jama'a, na kuma karkatar da kujerata yadda kafaɗar mawaƙinmu ta dama ba za ta ɓace min ba. Sai ta faɗi nake bugawa.