Wata bakwai na yi a zaure, na koma kan keke

Shekara 41 ina taka keken ɗinki a babbar kasuwar Garwa, a ƙasar Kamaru, kafin yarana su taru su ce in huta. Kuma da gaskiyarsu. Gidajen haya biyu gare ni a Yelwa, na sauke farali, 'yan matan duk suna ɗakunansu, babban ɗana kuma ba ya fashin turo mini kuɗi ta Orange Money daga Duwala. "Baba, me kuma ya rage?" in ji shi. Na miƙa wa babban yaron shagona makulli.

Satin farko na ji daɗi. Daga nan wuni ya fara yi mini tsawo. In na dawo daga asuba sai in shimfiɗa tabarma a zaure, ga zafin Afrilu, iska kamar daga bakin murhu. Wayata da ke hana ni barci duk jajiberin sallah ta yi tsit. Wannan ya fi ci mini rai. Har wata rana Hajiya ta ce, "Alhaji, ko za ka ɗan leƙa kasuwa? Ka hana ni sakat."

Akwai kuma tsoron da ban taɓa gaya wa yara ba. Ina shago a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, dare ɗaya. Shadda da zare suka yi tashin gwauron zabi, ajiyar mutane ta narke. Ni ko ba fanshon CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, nake jira ba, hannuna ne fanshona.

Amma ba kuɗi ne ya fitar da ni ba. Wani maƙwabci ne ya kawo babbar rigar angwancin ɗansa, an karkata wuyan. Na warware, na gyara da allurar hannu, sai da aka kira la'asar na ɗago kai. Ranar na ci tuwo malmala biyu.

Yanzu ƙarfe tara nake zuwa shago, azahar in tashi. Ba na karɓar ɗinkin sallah, idona ba zai ɗauka ba. Yanka nake yi, yara su ɗinka, in ga kuskure in ja kunne. Ɗana har yau yana mita a waya. Nakan ce masa, "To, Allah Ya yi albarka, akwai mai jira, za mu yi magana."