Gayyar yashe magudanar ruwa a unguwarmu

Tun da aka rufe iyakar Ɗan Issa, tsakanin Nijar da Najeriya, a 2023, unguwarmu ba ta dawo daidai ba. Samarinmu da ke dako zuwa Jibiya sun zauna hannu rabbana, tiyar hatsi ta yi tsada, kowa ya shige gidansa da damuwarsa.

Ranar Asabar ƴan cocin da ke bayan gidanmu suka kira gayyar yashe magudanar ruwa kafin damina ta sauka. Na yi jinkirin fita, don tun tashin hankalin 2019 da aka ƙona wata coci a garin nan na Maraɗi, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Amma na ɗauki shebur.

Wallahi abin da na gani ya taɓa ni. Fasto ya naɗe wando har gwiwa yana cikin kwata, na'ibin limaminmu yana karɓar bokiti daga hannunsa. Matansu suka dafa shinkafa da wake a tsakar cocin, matanmu suka kawo fura. Da aka kira Azahar, wata tsohuwa a cikinsu ce ta miƙo mini buta, ta ce, "Ɗana, je ka yi sallarka, abincinka na nan."

A wurin na ji cewa ɗanta ma wata shida ba shi da aiki. Teloli ne mu duka, kuma ina da keken ɗinki a ajiye. Jiya da safe ya fara zuwa shagona.